Sake Buga Tsofaffin Waƙoƙi a Faifan Garmaho: Ina Rabon Makaɗan Karkarar Kano?

Faifan garmaho, wato baƙin faifan nan mai faɗi wanda ake ɗora wa allura ya riƙa juyawa yana fitar da sauti, ya sake samun kasuwa a ƙasashen Turai da Amurka da Japan bayan an daɗe da ɗaukar cewa zamaninsa ya wuce. A shekarar 2022 an sayar da faifai kimanin miliyan 41 a Amurka, alhali faifan CD bai wuce miliyan 33 ba, kuma rabon da faifan garmaho ya zarce na CD a yawan kwafin da aka sayar a ƙasar tun 1987. Kaso mai yawa na wannan ciniki ya dogara ne ga abin da ake kira sake bugu, ma'ana a nemo kundin waƙoƙin da ya fito shekaru da dama da suka wuce har ya ɓace daga kasuwa, a gyara sautinsa, a buga shi a sabon faifai tare da bayanin tarihinsa. Tun da yake wannan sana'a ta fara taɓa kiɗan ƙasar Hausa, ya kamata a duba yadda take gudana, da irin waƙoƙin da take zaɓa, da abin da za ta iya amfanar da makaɗa da masu sauraro na ƙauyukan arewacin Jihar Kano, inda ake da tarin waƙoƙi masu daraja amma ba a da al'adar adana faifai.

Misalin da ya fi fito da tsarin sana'ar fili shi ne na salon da Turawa suka raɗa wa suna kiɗan bayan-pank. A wajejen 1976 zuwa 1977 matasan Ingila da Amurka suka ɓullo da kiɗan pank, wanda ya ginu a kan jita mai ƙara da gajerun waƙoƙi na nuna fushi ga halin rayuwa. Da guguwarsa ta lafa, sai wasu ƙungiyoyi suka riƙe ƙa'idarsa ta cewa kowa na iya yin kiɗa ba tare da jiran babban kamfani ba, amma suka faɗaɗa salon da aro daga kiɗan Jamaika da na Afirka da na na'urori. Ƙungiyar Joy Division ta birnin Mancesta ta fitar da kundinta na farko a 1979 a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna Factory, kuma an sake buga shi a faifai a 2019 don cikarsa shekara 40. Ita ma ƙungiyar Gang of Four ta birnin Lids ta fitar da nata kundin na farko a 1979, kamfanin Matador na Amurka ya sake buga shi a 2021 cikin wani akwati da ya haɗa ayyukanta na farkon zamani. Masu saye suna daraja kundin farko saboda a cikinsa ake jin muryar ƙungiya kafin shahara ta goge ta, kuma sau da yawa kwafi kaɗan aka buga a karon farko, don haka tsohon bugun ya yi tsada ya yi wuyar samu.

Matakan sake bugu

Aikin yana farawa da neman uwar sauti, wato zaren maganaɗisun da aka fara naɗar waƙar a kansa a sitidiyo, wanda daga gare shi aka kwafi duk sauran. Idan an same shi, akan tarar zafi da laima sun ci shi, har wani lokaci sai an gasa shi a hankali cikin tanda mai ɗan ɗumi kafin ya jure a kunna shi. Idan kuwa ya ɓace, sai a nemi faifai ko kaset mafi lafiya a kwafa daga gare shi. Daga nan sai tace sauti, inda ƙwararre yake rage shuu da ƙaraf-ƙaraf, ya daidaita ƙarfin murya da na kayan kiɗa ba tare da ya sauya ainihin waƙar ba. Bayan haka ake sassaƙa sautin a jikin wani faranti mai laushi, a lulluɓe shi da ƙarfe a samar da hatimi, sannan injin ya danna hatimin a kan zazzafar robar binil, faifai ya fito. Dogon faifan da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948 yana da faɗin inci 12, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, kuma kowace fuska tana ɗaukar kimanin minti 20 ko fiye da haka kaɗan, saɓanin tsohon faifai mai juyi 78 wanda fuskarsa ba ta wuce minti uku zuwa biyar ba.

Akwai matakai biyu da ba sa buƙatar inji, amma da su ake gane bugu na gari. Na farko shi ne neman izinin mai haƙƙi da ƙulla yarjejeniyar kason da zai samu. Na biyu shi ne rubuta takardar bayani da ake sakawa cikin jakar faifan, wadda ke ɗauke da sunayen waɗanda suka yi kiɗan, da wurin da aka naɗa, da shekara, da dalilin waƙar. Faifan da ba shi da waɗannan biyu, ko da sautinsa ya yi kyau, satar fasaha ce aka yi wa ado.

Inda sana'ar ta taɓa ƙasar Hausa

Kamfanonin Ingila ne suka fara juyowa ga tsofaffin faifan Nijeriya. A 2001 kamfanin Strut ya fitar da tarin waƙoƙin shekarun 1970 wanda ya haɗa da waƙar Bala Miller, mai ƙungiyar kiɗan zamani a Kaduna, sannan a 2008 kamfanin Soundway ya fitar da wani tarin na kiɗan jita wanda ya ƙunshi waƙar ƙungiyar Elcados, wadda ta yi zamaninta a Kano. Waɗannan ƙungiyoyi na birni ne, masu wasa a otal-otal da gidajen rawa, kuma kayan kiɗansu na Turawa ne ko da sun rera waƙa da Hausa.

Misalan da suka fi kusa da batun kundin farko sun fito ne ta hannun kamfanin Sahel Sounds, wanda Ba'amurke Christopher Kirkley ya kafa a birnin Fotland. Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar ya naɗi kundinsa na farko a 1978 a gidan rediyon ƙasar da ke Yamai, yana kaɗa fiyanon lantarki ƙirar Italiya, inda ya zuba karin waƙoƙin gargajiyar Nijar a cikin sautin na'ura. Kaset kimanin 100 kawai aka fitar, ko da yake rediyo da talabijin na Nijar sun shafe shekaru suna amfani da kiɗansa tsakanin shirye-shirye, har jama'a suka san sautin fiye da sunan mai shi. A 2013 aka sake buga kundin a faifan garmaho, abin da ya buɗe masa hanyar yin wasa a Turai bayan shekaru fiye da 30.

Na biyu shi ne Mdou Moctar, Buzu makaɗin jita daga yankin Tawa, wanda ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, a sitidiyo irin na waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar na'ura da manhajar nan mai lanƙwasa murya. Ba a fitar da kundin a kasuwa ta hanyar da aka saba ba, waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya a faɗin Sahara. Ɗaya daga cikinsu ta shiga wani faifai da Sahel Sounds ya fitar a 2011 na waƙoƙin da aka tattaro daga memorin wayoyi a arewacin Mali, a 2014 kuma aka buga kundin gaba ɗayansa a faifai. Daga bisani makaɗin ya koma kamfanin Matador, wanda ya fitar masa da sabon kundi a 2021, shekarar da kamfanin ya sake buga ayyukan Gang of Four. A 2013 ma Sahel Sounds ya buga faifai na waƙoƙin finafinan Kano, wanda ya haɗa da muryoyin Fati Nijar da Abubakar Sani.

Idan aka jera waɗannan misalai za a ga abu guda da ya haɗa su: dukkansu suna da jita ko fiyanon lantarki ko sautin na'ura, wato abin da kunnen mai sayen faifai a Landan ko Balin zai kama ba tare da ya ji harshen ba. Mai tara faifan bayan-pank yana jin kusanci da kiɗan da aka naɗa da ƙaramin jari, mai maimaita kari ɗaya, mai ɗan kaushin sauti. Wannan ma'auni ya bar manyan makaɗan baka a waje, domin ƙarfin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Haruna Uji yana cikin magana ne: zuga da habaici da zambo da karin magana da iya jera nasaba. Wanda bai ji Hausa ba zai ji kalangu da amshi suna ta maimaituwa, ya kasa gane cewa kowane ɗa na waƙar sabon gini ne. Ba laifi ba ne ga ɗan kasuwa ya buga abin da zai sayar, amma sakamakon shi ne hoton kiɗan Hausa da ke isa duniya ta wannan hanya ya karkata ga gefen al'adar ya bar tsakiyarta.

Kiɗa da sauraro a karkarar arewacin Kano

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman ta Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kamar yadda binciken masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya nuna tun shekarun 1960. A nan gona ba ta hutawa, domin kowace shekara ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, ana riƙe ƙarfin ƙasa da takin dabbobi da sharar birni, kuma gado yana ƙara tsattsaga gonaki daga tsara zuwa tsara. A irin wannan rayuwa kiɗa yana da aikin yi. Gangar noma tana bin 'yan gayya kunya-kunya, makaɗi yana kiran kirarin kowane saurayi don ya ƙara himma, ana wasa sarkin noma da yawan damman da ya ɗaure. Da kaka, idan amfani ya shiga rumbu, sai dambe da kokawa da bukukuwan aure su kankama, 'yanmata su yi gaɗa a dandali, matan aure su kifa ƙwarya a ruwa su yi amada a cikin gida. Daga irin wannan tushe manyan makaɗa da yawa suka taso, misali Ɗanƙwairo, wanda ya fara da kiɗan noma a ƙasar Zamfara kafin ya koma kiɗan fada.

Tarihin sauraro a waɗannan ƙauyuka bai bi ta faifan garmaho sosai ba. Garmaho kayan masu hali ne, na attajirai da ma'aikata da masu shago a gari, ko da yake kamfanoni irin su EMI sun buga faifan Shata da na Ɗan Maraya Jos. Abin da ya shiga kowane gida shi ne rediyo, musamman bayan kafa gidan rediyon Kaduna a 1962 da yawaitar ƙananan akwatuna masu batir. Sai kaset, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1963, ya mamaye ƙasar daga shekarun 1970, domin rikoda tana aiki da batir, tana jure tafiya a bayan keke, kuma mai ita zai iya naɗar makaɗi da kansa a wurin biki. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafa da rarraba kaset zuwa kasuwannin ƙauye. A yau kuwa manomi yakan miƙa memorinsa ga masu tura waƙoƙi a kasuwa ko a tasha, a cika masa da tsofaffi da sababbi a kan kuɗi kaɗan, ya saurara a waya ko a ƙaramar rediyo yana aiki a gona.

Saboda haka faifan garmaho bai dace da yanayin wannan mai sauraro ba. Yana buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa da na'urar da babu masu gyaranta a kusa, robarsa tana lanƙwashewa a zafin bazara, ƙurar hunturu tana cika ramukansa, kuma kuɗin faifai ɗaya bayan an shigo da shi daga waje ya ninka abin da ake biya don cika memori sau da yawa. Duk wanda ya ce sake bugu zai mayar wa mutanen Kunci ko Tsanyawa waƙoƙin iyayensu ta hanyar faifai bai duba yadda suke sauraro ba.

Matsaloli uku

Matsala ta farko wajen sake buga waƙoƙin makaɗan baka ita ce ma'anar kundin farko. A al'adar Turai ana ɗaukar abin da aka naɗa a sitidiyo a matsayin ainihin aikin, wasan dandali kuma maimaici ne. A wurin makaɗin baka lamarin ya sha bamban, domin waƙa tana rayuwa ne a bakinsa, gindinta yana nan daram amma 'ya'yanta suna sauyawa gwargwadon wanda ke zaune a wurin da abin da ya faru a ranar. Bakandamiyar Shata tana da naɗi daban-daban da suka bambanta a tsawo da zubi, kuma babu wanda za a ce shi kaɗai ne na asali. Ga kuma iyakar faifai: waƙar da makaɗi zai ja ta tsawon dare dole a datse ta ta shiga minti 20. Mai sake bugu a nan yana yin aikin mai tace littafi ne, wanda zai kwatanta naɗe-naɗe ya zaɓa, ya kuma bayyana dalilin zaɓinsa.

Ta biyu ita ce uwar sauti. Manyan kamfanonin waje sun janye daga Nijeriya wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da kwafar kaset ba bisa ƙa'ida ba da karyewar darajar naira suka durƙusar da cinikin faifai, suka bar taskokinsu ga magadansu na cikin gida a Legas. Makaɗan ƙauye kuwa galibinsu ba su taɓa shiga sitidiyo ba. Abin da ya rage na muryarsu yana cikin zarurrukan gidajen rediyo, da kaset ɗin da wani ya naɗa a wurin gayya ko ajo ya jefa a adaka, da abin da masu bincike suka tara. Masanin Amurka David Ames ya naɗi kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, an buga wani ɓangare a faifai a Jamus cikin jerin hukumar UNESCO, kuma shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A cikin gida, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya rubuce matanin waƙoƙin baka masu yawa a jerin diwanai. Sai dai rubutaccen matani ba ya riƙe sautin ganga, zaren kaset kuma yana lalacewa a hankali ko an kunna shi ko ba a kunna ba, sannan kowane kwafi da aka yi daga kwafi yana rage ingancin sauti.

Ta uku ita ce haƙƙin mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, tana kare aikin kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, tana kare naɗin sauti shekara 50, kuma ta ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa alhakin kula da fasahohin gargajiya na al'umma. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, suna ƙarƙashin kariya har 2069, ko da wa'adin wasu tsofaffin naɗe-naɗensa ya ƙare. Amma doka ta ginu a kan mai ƙirƙira ɗaya sananne, alhali waƙar Hausa aikin ƙungiya ce: akwai 'yan amshi waɗanda sukan yi ƙari a cikin waƙa, da makaɗa, da sanƙira mai zuga, da kuma karin da aka gada kaka da kakanni. A da makaɗi yana samun ladansa a take, ta kyautar riga ko doki ko dami ko kujerar Makka daga ubangida, shi ya sa da yawa ba su damu da takardar yarjejeniya ba. Magadansu a yau suna ganin waƙoƙin suna yawo a intanet ba tare da sisi ya iso gare su ba.

Abin da ya kamata a ɗauka

Darasin da ke cikin labarin Mamman Sani da Mdou Moctar yana cikin aikin da aka yi kafin faifai ya fito: an bi sawun mai waƙa har aka same shi, an nemi yardarsa, an rubuta sunansa da tarihinsa, an ba shi kasonsa. Wannan aiki ba ya buƙatar masana'antar buga faifai, kuma cibiyoyin da za su iya yin sa suna nan, kamar Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Gidan Arewa a Kaduna, da gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin zarurruka. Abin da ya fi gaggawa shi ne a bi ƙauyuka a aro kaset daga hannun masu su, a juye su zuwa kwamfuta da inganci mafi girma, a mayar wa kowa nasa. Sannan a zauna da dattawan da suka halarci wasan a rubuta wane ne makaɗin, su wane ne 'yan amshinsa, gonar wa aka yi gayyar, wa aka yi wa habaicin, domin zare zai iya jira wasu shekaru amma waɗanda suka san ma'anar abin da ke cikinsa suna ƙarewa.

Bayan an yi wannan, faifan garmaho yana da gurbinsa. Bugu na 'yan ɗaruruwa mai ɗauke da matanin Hausa da fassara da cikakken bayani zai iya shiga ɗakunan karatu na duniya, ya kawo wa magada kuɗin waje, ya kuma koya wa baƙon kunne yadda ake sauraron waƙar da ƙarfinta ke cikin magana. Sharaɗin shi ne a ƙulla tun farko cewa sautin da aka tace zai koma gida ta hanyar da mutanen gida ke sauraro, wato rediyo da memorin waya, cikin farashin da suka saba. Manomin Bichi ko Minjibir ya san cewa zangarniyar da ya ware ya rataye a matsayin iri ba ta sayarwa ba ce duk tsadar hatsi a kasuwar Dawanau, kuma ya san irin da ya daɗe a ajiye ba a shuka shi ba yakan mutu. Tsofaffin waƙoƙin yankin suna buƙatar kulawa iri ɗaya: a zaɓe su da ilimi, a adana su inda zafi da ƙura ba za su ci su ba, sannan a mayar da su kunnen yaran da za su iya ɗaukar ganga su ɗora daga inda aka tsaya.